'Yar Sharar Inna a Ƙarƙashin Rigar Nutso

Assalamu alaikum jama'ar gidan nan, admin a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, kaina ya ɗaure.

Ni pompiye ne, wato ɗan kwana-kwana, a Damagaram, an turo ni sitaj, wato horo, wata ƙasa mai sanyi in koyi nutso, saboda yaran da tafki ke cinye mana duk damina, ni ma haka na rasa yayana. Da zan taho, Innata a Mirriya ta ba ni 'yar shara ta saƙi, an ɗinke layu a ƙirjinta, ta ce in na shiga ruwa babu ita ba ta yafe ba. Na ce to, na zaci abin mai sauƙi ne.

Rigar nutson nan ruwa ba ya shigarta, amma ba ta ɗumi, kayan da ka sa a ƙarƙashi su ne ranka. Shef ɗinmu, mai horar da mu, ya hana auduga, ya ce tana shan gumi ta sandare a jiki, ya ba mu nasu masu kamar bargo. Ni da taurin kai na sa 'yar sharar a ɓoye. Muna kaiwa ƙasan ruwa rigar nutson ta matse, layun suka nutse min a haƙarƙari, sanyi ya kama ni har yatsuna suka kasa danna maɓallin da ke sa wa rigar iska. Abokin nutsona ne ya jawo ni, shi ma garin sauri jini ya zubo masa ta hanci. Wallahi har yanzu kunyarsa nake ji.

Shef ya ce zai riƙa duba ni da kansa, in ya sake gani sai gida. Na kira Inna, na roƙa in cire layun in ajiye a jaka, ta fashe da kuka, ta ce ɗa guda ta ba ruwa, ba ta ba shi na biyu. Na ɗaga mata murya, abin da ban taɓa yi ba, ta kashe waya.

Kawuna ya ce in ce mata 'yar sharar tana jikina, shi ke nan. To in na yi ƙarya kuma ruwa ya riƙe ni, in tafi da "ban yafe ba" a kaina? In na sa kuma, ran ɗan mutane na ɗaure da nawa. Jarabawar nutso na tafe. Malamai da iyaye mata na gidan nan, me zan sa?