Yatsun Mubina

Gumel, Laraba

Zuwa ga ƙanwata Mubina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya kamar yadda muke, in ban da jikin Inna. A takarda na rubuta na ɗauki hoto na turo, tunda kin ce in kika ji muryata kuka kike yi.

Ba zan ɓoye miki ba, tun da ɓarin jikinta ya shanye maganarta ke raguwa. Sunanki dai bai ɓace mata ba. Ko mai ruwa ne ya taɓa ƙofa sai ta ɗago kai.

Na ji an ba marasa takarda wa'adi su fita ba tara ba ɗauri, kuma kin samu ranar Lahadi ta zuwa dangwala yatsa, basma ko me kuke ce mata. To Mubina, shekara goma sha uku ta isa. Shida daga ciki a ɗaki ɗaya kika yi su kamar mai takaba, tun da kafilinki mai tsaya miki a can ya rasu, iƙamarki ta zaman ƙasar ta mutu. Makkar da ake ce mana kina cikinta, ni da ke Gumel na fi ki ganinta a talabijin. Ki je ki dangwala, ki karɓi takardar fita, ki taho. Kada ki tsaya haɗa tsaraba, babu mai jiran dabino.

Sai wani abu, don kada ki zo ki gani ranki ya ɓaci. Ɗakinki na da, an fasa shi ta waje an yi shago tun bara waccan. Wurin kwana ba zai gagara ba.

Kowa yana gaishe ki. Ki sa mu a addu'a, ko daga taga ce.

Yayarki,
Mairama

Kudai, Makka, Litinin

Yaya Mairama,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ki da jinya, ina gaida Inna, Allah Ya ba ta lafiya. Wasiƙarki ta iso da faɗanta cif, ko harafi bai zube a hanya ba.

Bari in ba ki labari mai daɗi tukuna. Kin tuna Jawahir, maƙwabciyata ta Nakkasa kafin a rushe unguwar? Haifaffiyar nan ce, kakarta ce ta zo daga Kano tun zamanin tafiyar ƙafa. Na taɓa ce mata ina so in saƙa wa Inna bargo da kwarashi, sai ga ta ranar Juma'a bayan an sauko, da farin zaren auduga cike da leda biyu, da garin rini, da soda, da fenti da kwalaye. Ta ce, "Yalla ya Mubina, ba za ki shiga gaban Inna hannu rabbana ba."

Saman bene muka hau. Rabona da tsayuwa babu rufi a kaina har na manta, sai da na dafa bango. Muka dafa ruwa, muka jera bokitai uku: ruwan goro, kore da ruwan ɗorawa. Koren ya ƙi mu, ya fito kamar miyar kuka ta kwana, Jawahir ta rantse haka ake yayi yanzu. Muka shanya zare a igiyar wanki har ta ƙi ɗauka, muka ara ta maƙwabta. Na yi dariya har cikina ya ƙulle, Yaya. Ashe ban manta yadda ake yi ba.

Asabar da safe ta ce sai mun yi zane. Ita gwana ce, ta zana dutsen Nakkasa da gidajen da ke manne a jikinsa, har da matakalar da muke hutawa sau biyu kafin mu kai ƙofa. Ni na ce gidanmu zan yi. Darbejiyar tsakar gida ta fito kamar laimar mai shayi, Jawahir ta ce a ba ta kofi ɗaya. Da la'asar muka rina sauran zaren shuɗi, shi ne ya fi kyau duka.

To sai jiya. Na je da wuri, na bi layi, na ɗora yatsa, na'urar ta nuna ja. Ma'aikaciyar, baiwar Allah, ta gwada duka goma, ta goge gilashin, ta sake. Sodar rinin ce ta cinye fatar yatsuna, duk ta saɓule, babu zanen da zai fito. Safar hannun da na sa ce ta yage ban lura ba. Sun ce in koma Laraba ta sama, wa'adin kuma Alhamis yake cika.

Kada ki yi faɗa, ƙaddara ta riga fata. Ki gaida Inna da yara, ki ce mata bargonta yana hanya.

Ƙanwarki,
Mubina

Jarwal, Makka, Talata

Zuwa ga Yaya Mairama,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ni ce Jawahir, ƙawar Mubina. Lambarki tana wurina tun shekarun baya, ta ba ni ta ce ko da mutuwa za ta zo mata a ɗaki. Ki yi haƙuri da Hausata, a bakin kakata na tsince ta, rubutun kuma da ƙyar nake yi.

Ta nuna mini abin da ta turo miki. Yaya, safar ba ta yage ba. Sabuwa ce, ni na saya, tana nan a jakata lafiya lau.

Ga yadda aka yi. Tana zanen gidanku tana gaya mini, nan zaure, nan ɗakin Inna, nan madafa. Da ta zo kusurwar gabas sai ta tsaya, burushin yana ɗiga. Na ce, nan fa? Ta ce, "Nan shago ne." Ta bar wurin fari. Da muka haɗa shuɗin, na zuba soda, sai na ga ta zare safar ta ajiye, ta tura hannu cikin bokitin har wuyan hannu tana matsa zaren. Na ce, "Habibti, gobe basma!" Ta ce ta sani. Na janye ta, ta mayar. Wallahi ruwan nan yana cin hannu, amma ta ci gaba da matsa zaren.

Ba ƙin Inna take yi ba, kullum zancenta ke nan. Tsoro take ji. Ta ce mini a nan ta san faɗin ɗakinta da tsawonsa, a can ba ta san wace ce za ta sauka daga mota ba, mace mai furfura da jaka ɗaya.

Ni ma ina da laifi. Da na'urar ta ƙi, raina ya yi sanyi, domin duk mutanen Nakkasa sun watse, ita kaɗai ta rage mini. Na kwana biyu ina jin kunyar wannan, shi ya sa na rubuto. Na kai mata man shafawa, na hana ta wanki da wanke-wanke. Sauran aikin naki ne.

Ki gaida Inna, Allah Ya ba ta shifa'i.

Jawahir

Gumel, Alhamis

Mubina,

Salamu alaikum. Gaisuwar ke nan, ba ni da wata.

Na san komai, kuma kada ki ga laifin Jawahir, ta fi ki tausayinmu. Na yi fushi, Mubina, na yi fushin da ban taɓa yi da ke ba. Ni nake juya Inna, ni nake wanke ta, ni nake yi mata ƙarya duk lokacin da aka taɓa ƙofa, ke kuma kina can kina dafa hannunki saboda ɗaki. Wa ya ce miki mu ma mun zama wani abu? Ni da ban je ko'ina ba, me na tara ban da ciwon baya? Furfura kuwa ki zo mu gwada.

Laifina ɗaya, na faɗi zancen shagon nan kamar ba komai ba. Na manta ke da wannan ɗakin kike kwana kike tashi a zuciyarki. Ki yafe mini wannan.

Ban gaya wa Inna gaskiya ba, na ce an ɗaga ranar. Amma na tambaye ta, in Mubina ta zo ina za mu sa ta?  Sai ta ja jikinta da hannun nan mai lafiya, da ƙyar, ta matsa bakin gado, ta daddaɓa wajen bango ta ce, "Nan." Tun ranar a bakin gadon take kwana, in na mayar da ita tsakiya sai ta koma. Sai da na tare ta da matashi don kada ta faɗo.

Tun Talata kunu kawai take iya haɗiya, shi ma cokali uku. Ba zan ƙara komai a kan wannan ba.

Ki shafa man. Allah Ya kawo ki.

Yayarki,
Mairama

Kudai, Laraba

Yaya,

Ina gaishe ki, ina gaida Inna. Duk abin da kika faɗa haka ne, ki yafe mini.

Na je yau. Jawahir ce ta kai ni, jakata a bayan motarta. Na'urar ta karɓi yatsu uku, ta ƙi bakwai. Sabuwar fatar ta fito amma sumul take. Ma'aikaciyar ta dube ni ta ce in dawo gobe da safe, shi ne na ƙarshe.

Kada ki gaya wa Inna rana. Ki dai riƙa tare ta da matashin.

Wancan karon ina kan layi ina roƙon Allah na'urar ta ƙi, kuma Ya amsa. Yanzu ina zaune na buɗe tafukana sama kada su taɓa komai, ina roƙon Ya yafe mini waccan addu'ar. Ki taya ni, Yaya. Ina so in zo gida.

Ƙanwarki,
Mubina