Matakala Sittin da Huɗu a Lisbon

Zuwa ga Yayana Warren,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri. Ina fata wannan takarda da na turo ta waya za ta same ka lafiya, kai da Colleen da yara, kuma sanyin Saskatoon bai fara matsa muku ba. Allah ya ƙara lafiya, ya sa ciwon bayan nan naka ya zama tarihi. Mu ma nan da rai da numfashi, mun sauka Lisbon lafiya, amma Yaya, ba zan ɓoye maka ba, hankalina ba a kwance yake ba.

Masaukin da ka kama mana ta waya yana da kyau kamar yadda hoto ya nuna, kuma gaskiya ne ana hango kogi daga taga. Abin da hoton bai nuna ba shi ne a kan tudu yake, mota ba ta shiga lungun, kuma ɗakin a hawa na uku yake, babu lif. Matakala sittin da huɗu, na ƙirga su da ƙafata. Ba laifinka nake gani ba, ni ma na ga hoton na ce ya yi. Ranar da muka iso, Baba ya hau su da sandarsa yana zolayar Mama wai ita ce tsohuwa, shi kam yanzu ya fara tashe. A hawa na biyu ya zauna, leɓensa ya yi fari, ya ce wai takalminsa yake gyarawa. Yau kwana huɗu ke nan bai sake taka ƙasa ba. Gwiwarsa ta kumbura kamar an hura ta. Likitan da na kira ya ce ba karaya ba ce, amma idan ya ci gaba da hawa da sauka, to a ɗauke za mu mai da shi gida.

Ita kuwa Mama ta kafe. Na roƙe ta mu fita mu biyu ko da awa ɗaya, ta ce shekara hamsin da shida ba ta taɓa zuwa kallon wani abu ta bar mijinta Lloyd a ɗaki ba, ba kuma a ƙasar mutane za ta fara ba. Baba ya ce mata ta tafi mana, ya gaji da ganin fuskarta. Ta ce ai shi ya jawo, mutum ya kai tamanin da uku yana gasa da matakala. Suka yi dariya, ni kuwa na shiga banɗaki na yi kukana.

Jiya da safe na fita da sandar Baba a hannuna, ina tafiya irin tasa, a hankali, ina duba inda zai iya da inda ba zai iya ba. Duwatsun da aka shimfiɗa a titunan nan santsi gare su, ko ni sai da na kusa zamewa. Masauki biyar na shiga. Na shidan yana can ƙasa kusa da kogi, inda gari ya miƙe babu tudu: ɗaki a ƙasa, wurin wanka mai abin riƙewa, kantin magani a ƙofa, benci a kowane ɗan taƙi har zuwa babban dandali. Matar da ke kula da wurin ta ce za ta ajiye mana shi zuwa jibi kawai, kuma za ta ara mana keken turawa na mahaifiyarta. Na dawo da murna na faɗa wa Baba. Da ya ji zancen keke sai ya juya fuska bango, ya ce shi da ya yi shekara arba'in yana hawa rufin gidajen mutane ba za a tura shi a titi kamar buhun dankali ba, gara a bar shi a nan.

Ga abin da ya sa na rasa sukuni. Da rana Mama na tsaye a taga, sai ta kira ni ƙasa-ƙasa ta tambaye ni ko farin abin can jirgin ruwa ne ko gini. Yaya, jirgi ne ƙato, ya cika rabin kogin. Ashe idon nata ya fi yadda take gaya mana lalacewa. Ta riƙe hannuna ta ce kada in faɗa wa Baba, ciwonsa ya ishe shi. Likitanta ya ce shekara guda ta rage kafin ta daina gani, ni dai ban ga alamar idon zai kai ba. Wannan tafiyar da ta yi rabin rayuwarta tana buri, ga shi tana ƙarewa a bakin taga.

Don Allah ka kira Baba da zarar ka karanta, ka lallashe shi ya yarda da sabon masaukin da keken. Maganarka yake ji, ni har yau yarinya yake ɗauka ta. Kada ka ce masa don gwiwarsa ne, ka ce Mama ce ke buƙatar keken don ta riƙa dafa shi in tana tafiya. Sannan ka soke masaukin birnin Florence da za mu wuce daga nan idan ba a ƙasa yake ba; ka tambaye su adadin matakala da bakinsu, kada ka yarda da hoto. Na soke hawa ganuwa da duk wani tudu daga jerinmu, wuri ɗaya a rana ya ishe mu. Da babu gara ba daɗi. Kwana tara suka rage mana, ni dai burina Mama ta tsaya a bakin ruwan nan da mijinta a gefenta tun tana iya bambance shi da sararin sama.

Ka gaishe mini da Colleen, da Brent da Shauna, da Goggo Marlene idan ka leƙa ta. Ka ce su sa mu a addu'a.

Taka ƙanwa mai jiran kiranka,
Glenda