Fuskar Mama a Ƙofar Gidan Gajiyayyu

Halifax, Nuwamba 1874

Zuwa ga Yaya Enoch,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Tabitha da yara. Allah ya ƙara muku lafiya a can Ballarat wajen haƙar zinariya. Mu nan ƙalau, sai tarin Mama da ke tashi in sanyi ya shigo.

Yaya, so nake in riga jarida isowa gare ka, don na san jirgin ruwa na kai muku ita. Ƙaninmu Silas ya samu sunan da yake nema, amma da fuskar Mama ya same shi. Ka san halinsa, ba ya zana attajirai da karnukansu kamar sauran masu zane, sai talakawa. Bana ya zana layin mutane a ƙofar gidan gajiyayyu ana ruwa, a gabansu wata tsohuwa ta rungume jariri cikin mayafi. Ashe Mama ce ta tsaya masa ya zana ta, ba wanda ya gaya mini. An rataye zanen a baje kolin Landan, jarida ta buga, yanzu ga shi manne a tagar mai sayar da littattafai a bakin kasuwa. Ko tabon haɓarta bai bari ba.

Ranar Lahadi a coci na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Matar Ogden mahauci ta tare ni a bakin ƙofa, wai ashe haka muka yi da tsohuwa, 'ya'ya uku rigis, ɗaya ma yana haƙar zinariya, in abinci ne ya gagare mu ai sai mu yi magana. Na dawo gida ina huci, na wanke Silas tas, na ce ya sayar da mutuncin uwarsa don 'yan Landan su tafa masa. Sai na juya kan Mama, na ce ita ma da girmanta, a ina ta koyi tsayuwar mabarata har kowa ya yarda?

Tana saƙarta, ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce ba koya ta yi ba, tunawa ta yi. Shekarar da masaƙa ta rufe, kafin a haife ni, Baba ya tafi neman aiki, ta tsaya a wannan ƙofar, kuma kai ne jaririn da ta rungume cikin mayafi a ranar. Ta ce ranar ba wanda ya dube ta, yanzu kuwa duk Ingila ta duba, ita ba ta ga abin ɓoyewa ba.

Tun ranar na kasa haɗa ido da ita, Yaya. Kunyar da matar Ogden ta ba ni wasa ce a kan wadda nake ji yanzu.

Ka gaida Tabitha da Abel, da takwarata. Mama na gaishe ka, ta ce in tambaye ka ko kana ci kana ƙoshi.

Ƙanwarka,
Keziah