Zare a Wuyan Kwalba

Auta,

Ka yi haƙuri da faɗan jiya. Da safen nan na jera kwalaben maganin guda biyu, ashe kamar an tsaga kara. Ni mai lafiyar ido ma sai da na karanta. Ba sakaci ne ya sa ka sha maganin hawan jinin Baba maimakon bitamin ɗinka ba.

Na ɗaura zare a wuyan taka, ka laluba kafin ka buɗe. Ƙarancin da likita ya gani a jininka kawai bitamin ɗin zai gyara, ba tsinin da ya ce gaban idonka ya yi har ganinka ya ragu ba, don haka kar ka fasa komawa asibiti.

In jirin da maganin Baba ya sa maka ya dawo, kira ni. In rubutun nan ma ya yi maka ƙanƙanta, kar ka ɓoye mini kamar na kwalbar.

Yayarka