Rijiyar Mahmudu a Kan Teburina

Zuwa ga Yaya Sabi'u,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya jikin Inna? An gama girbin hatsi a Tarka? Ni lafiya lau, karatu na tafiya, sanyin Liyon, a nan Faransa, ma na fara sabawa da shi.

Abokin ɗakina ya tashi, ya bar mini wani wasan yaƙi mai taswira da ƙwayar lido. Na kife taswirar, na zana kwarinmu a bayanta, na jera yaƙin da Inna ke ba mu labari, ranar da mahara suka kashe kakanta Mahmudu a bakin rijiya. Wake ne mutanenmu, ƙwallon dabino kuma maharan.

Ni kaɗai nake yi. In na matsa da namu, sai in koma ɗaya kujerar in zama maharan, kuma kullum sai Mahmudu ya faɗi. Jiya na yi maguɗi, na ɓoye shi bayan tudu. Sai na ji kaina ina ba kujerar maharan haƙuri, da Hausa, da ƙarfi. Rabona da yin Hausa da mutum tun azumi.

Ba komai, kada ka damu. Ka dai tambayar mini Inna, tudun yana gabas da rijiyar ne ko yamma? Kada ka rubuto amsar. Ka nemi inda rezon waya ke kamawa, ka kira ni, ka miƙa mata wayar. In ta ɗauko labarin tun daga farko, kada ka katse ta.

Allah ya sada mu da alheri.

Ƙaninka,
Abdulgafar