A Cikin Muryoyi Shida, Wace Ce Taki?

Assalamu alaiki, 'yata ta fari.

Bayan gaisuwa da fatan kina cikin rahamar Ubangiji, ina sanar da ke faifan waƙoƙin begenku ya fito. Ƙawarki Rashida ce ta biyo ni rumfar abincina a Oko-Oba ta saka mini shi a waya. Waƙa takwas, ba ganga, ba mandiri, bakunanku kawai, ku shida. Ta ce kun gama ɗauka sati uku kafin a kwantar da ke asibiti.

Akwai daɗi. Wata ta ja, sauran su ɗauke ta, har ya zama kamar mutum ɗaya ke numfashi. Wani mahauci da ya zo cin tuwo ya tsaya da loma a hannu sai da waƙar ta ƙare.

Amma ban gane muryarki ba.

Na saurara a motar haya ta danfo, na saurara ina wanke tukwane, na manna wayar a kunne har ta yi zafi. Yau in ce wannan ce, gobe in ce a'a.

Laifina ne. Ranar Lahadi kuna taruwa a tsakar gidanmu na Agege kuna bita, ni kuwa in ɗauki mayafi in tafi maƙwabta. Haka aka koya mana: uwa ba ta zama ta saurari 'yar fari, ba ta yabonta, ko sunanta ba ta kamawa. Kikan ce, "Umma, ko baiti ɗaya ki tsaya ki ji." Ni kuma in ce ina da aiki.

Na san muryarki in kina ciniki da Yarbanci, na san ta in zazzaɓi ya kama ki. Ta waƙar ce ban sani ba.

Jiya Rashida ta dawo. Na buɗe baki in tambaye ta, sai ta ce ta san tun baitin farko na tsinto ki. Na gyaɗa kai. Ta yaya uwa za ta tambayi 'yar wani muryar 'yarta?

A waƙa ta biyar akwai wata murya can ƙasa, ba ta gaba ba ce, amma ita ce ke riƙe da sauran. Ita na zaɓa. Ita nake yi wa kuka. In ba taki ba ce, ki yafe mini, 'yar nan.

Allah Ya haskaka kabarinki, Ya haɗa mu inda zan zauna in ji ki har ƙarshe.

Taki,
Umma