Dokar Tsibirin Agwagi

Yankara, Litinin

Suwaibatu,

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya. Takarda na rubuto don ba na son jin muryarki.

Ke kika ce za ki haɗa malaman jami'arku da ma'aikatan gandun daji da ni, Sarkin Ruwa, mu kare tsibirin da ke tsakiyar dam ɗinmu. Murna har rago na yanka. Sai ga ku mutum talatin cikin jirgin inji, kun tsallaka, kun kafa allo wai "A Kiyaye", kuna ta hoto!

Haba Suwaibatu! Gidan nan kika girma. Kin san daga ruwan fari har a yanke gero ba mai taka tsibirin, don agwagin ruwa na kwance kan ƙwai cikin ciyawa. Wanda ya tsallaka, a kife kwalekwalensa bakin kasuwa har kaka. Jiya masunta shida suka tsallaka. Na yi magana, ɗayansu, Rabo, ya ce, "Baba, fara kife na ɗiyarka." Shekara ashirin da biyu ba a taɓa mayar mini da magana ba.

Ki gaida yara.
Kawunki, Nata'ala

Katsina, Alhamis

Kawu,

Ina gaisuwa da ban girma. Wallahi takardarka ta ƙona mini rai. Wata takwas ina bin ofis-ofis kafin mutanen nan su yarda su zauna wuri guda, saboda tsibirinku. Da ƙyar aka sami ranar. Kuma kana wurin, me ya hana ka magana?

Na bar ka lafiya.
Suwaibatu

Yankara, Asabar

Suwaibatu,

Gaisuwa. Me ya hana ni? Duba takardar tsarin taronki! Farfesa awa guda, daraktan gandun daji awa guda, sai tsallakawa, sai abinci, can ƙasa "Sarkin Ruwa, minti biyar". Na ɗaga hannu, ke da kanki kika ce, "Kawu, lokacinka na zuwa." Ya zo, bayan kun tattake sheƙa goma sha ɗaya. Rabo ya ƙirga. Yau an ce da taru masunta za su shiga.

Allah Ya shirya.
Nata'ala

Katsina, Talata

Kawu,

Barka da war haka. Na duba takardar. Ni na tsara ta da hannuna.

Darakta ya yi faɗa, amma ya sa hannu a ba da jirgin. Jirgin injin zai iso Yankara ranar kasuwa a bayan mota, ni ma ina tafe. Ka kira Rabo ya kama mini, mu kife shi.

Ɗiyarka,
Suwaibatu